DARASI NA BAKWAI: GANO ASALIN KAYAN TARIHI, MISALI DAGA TSOHON KEKEN HOLAN

7.0 Gabatarwa

A darasin da ya gabata an yi bayani a kan hanyoyi biyu na tattara bayanai, wato daga bakin mutane da kuma daga rubuce-rubuce. A wannan darasi za a duba hanya ta uku, ita ce yadda mai bincike zai tsaya gaban abu mara rai, ya karanta alamomin da ke jikinsa, har ya gano wanda ya ƙera shi, da inda aka ƙera shi, da lokacin da aka ƙera shi.

Wannan aiki yana da muhimmanci ga ɗalibin da ke shirin zama malami. Sau da yawa ɗalibi yakan je tattara bayanai domin kundinsa, a nuna masa takobi ko tasa ko sirdi, a ce masa ya shekara ɗari uku, shi kuwa ya rubuta haka nan ba tare da ya nemi hujja ba. Idan ya zama malami sai ya karantar da abin da ya rubuta, yara su haddace, kuskure ya zama tarihi. Gyara irin wannan kuskure bayan ya shiga aji ya fi hana shi wuya ƙwarai.

An zaɓi keke a matsayin misali saboda dalilai uku. Na farko, babu ɗalibin da bai san shi ba. Na biyu, keke haɗaka ne na sassa masu yawa, kuma kusan kowane sashe yana ɗauke da alamar maƙerinsa. Na uku, an zaɓi na ƙasar Holan ne domin tarihin masana'antunsa a rubuce yake, ana iya gwada abin da ido ya gani da abin da takarda ta ce.

7.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:

(a) bambanta shaidar jikin abu da shaidar da ke wajensa;
(b) kawo matakan da ake bi wajen gano asalin tsohon keke;
(c) auna hujjoji masu karo da juna, ya fitar da mafi ƙarfi;
(d) amfani da waɗannan matakai a kan kayan al'adun Hausawa.

7.2 Ma'anar Gano Asali

Idan aka ce gano asalin abu, ana nufin amsa tambayoyi biyar: Mene ne wannan abu? Wa ya ƙera shi? A ina? Yaushe? Ta hannun su wa ya biyo kafin ya iso inda yake? Shaidar da ake amsa su da ita iri biyu ce. Akwai shaidar jiki, wato duk abin da ke jikin abin da kansa, kamar siffa, da tambari, da lamba, da irin ƙarfe, da rubutu. Akwai kuma shaidar waje, wato abin da mutane suka faɗa, da rasiɗi, da hotuna, da tallace-tallacen jaridu, da littattafan kamfani. Ba a yanke hukunci da iri ɗaya kaɗai. Sai shaidar jiki da ta waje sun haɗu a kan magana ɗaya ake cewa an sami hujja. In sun saɓa, aikin mai bincike ne ya gano dalilin saɓanin.

7.3 Taƙaitaccen Tarihin Keke a Holan

Keke mai ƙafafu biyu daidai da juna da kaca mai juya ƙafar baya ya samu karɓuwa ne daga Ingila, bayan John Kemp Starley ya fito da ƙirar Rover a garin Coventry a 1885. A 1888 John Boyd Dunlop ya fito da taya mai iska. Mutanen Holan sun karɓi wannan ƙira ta Ingila, suka riƙe ta, suka daɗe a kanta bayan wasu ƙasashe sun sauya. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, garuruwanta kusa da juna, saboda haka keke ya zama abin hawan kowa, har yawan kekuna ya zarce yawan mutane.

Mai bincike ba zai iya karanta tambari ba sai ya san manyan masana'antu da garuruwansu. Ga fitattu daga cikinsu:

(a) Burgers: Henricus Burgers ya kafa ta a Deventer a 1869, ita ce ake ɗauka masana'antar keke ta farko a ƙasar. Ta rufe a 1961.
(b) Fongers: Albert Fongers ya fara ƙera keke a Groningen a 1884.
(c) Simplex: an kafa ta a Utrecht a 1887, daga baya ta koma Amstadam.
(d) Gazelle: Willem Kölling, ma'aikacin gidan waya a Dieren, ya fara sayar da kekunan Ingila a 1892. A 1902 shi da abokin cinikinsa Rudolf Arentsen suka fara ƙera nasu da wannan suna, wanda ke nufin barewa.
(e) Batavus: Andries Gaastra ya buɗe kanti a Heerenveen a 1904, daga nan sana'ar ta girma ta zama masana'anta.
(f) Union: ta fara a Den Hulst a 1904.
(g) Sparta: ta fara a Apeldoorn a 1917.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman cikin shekarun 1960 lokacin da mota da babur suka rage wa keke kasuwa, masana'antu da yawa sun haɗe ko an saye su. Fongers ta haɗe da Phoenix ta garin Leeuwarden a 1961, sannan Germaan ta shiga cikinsu a 1963. A 1970 Batavus ta saye su duka uku. A 1971 kamfanin Ingila mai mallakar Raleigh, keken da Hausawa ke kira Rali, ya sayi Gazelle, har aka riƙa ƙera wasu kekunan Raleigh a Dieren. A 2012 kuma reshe ya juye da mujiya, domin kamfanin Accell na Holan ne ya sayi Raleigh. Darasin da ke cikin wannan shi ne, suna yakan rayu bayan masana'antar da ta haife shi ta mutu. Don haka sunan da ke jikin keke ba lallai ne ya nuna inda aka ƙera shi ba.

7.4 Siffofin Keken Holan

Tsohon keken Holan yawanci baƙi ne, mai nauyi, mai dogon jiki, kuma hannunsa ya lanƙwaso baya ta yadda mahayi ke zama a miƙe. Kacarsa a rufe take ruf, a da da yadi mai sheƙi wanda ba ya shan ruwa, daga baya da kwano ko roba. A gefe biyu na ƙafar baya akwai shamaki da ke hana riga shiga waya. Akwai kariya mai ƙarfi a baya, da kwaɗo mai siffar zobe da ke kulle ƙafar baya. Da yawa daga cikinsu ba su da birkin hannu, ana tsayar da su ne ta hanyar danna feda baya. Wasu kuma birkinsu na cikin cibiyar ƙafa ne, ana jan sa da sandunan ƙarfe. Na mata, wanda ba shi da sandar sama, shi ake wa laƙabi da omafiets a Holanci, wato keken kaka.

Sai dai siffa ba ta isa hujja ba. An ƙera kekuna masu kama da wannan a Ingila, da Jamus, da Indiya, da Sin, kuma a Holan ɗin ma ana ci gaba da ƙera su a kan tsohuwar siffa. Kama da wane ba ta wane. Siffa tana nuna wa mai bincike inda zai dosa ne kawai.

7.5 Matakan Bincike

7.5.1 Dubawa da Rubutawa

Mataki na farko shi ne a duba kafin a taɓa. A ɗauki hoton keken daga kowane gefe, sannan a ɗauki hoton kowane rubutu da lamba daga kusa. A buɗe littafi, a jera sassa ɗaya bayan ɗaya, a rubuta abin da aka gani a jikin kowanne kamar yadda yake, harafi da harafi, ko da ba a fahimci ma'anarsa ba. In datti ya rufe rubutu, tsumma da ɗan kananzir sun isa. Kada a kankare, kada a goge da yashi, kada kuma a sake fenti. Wanda ya sake wa tsohon keke fenti kafin ya bincika shi tamkar wanda ya wanke allo ne kafin ya karanta abin da ke ciki.

7.5.2 Tambari

A gaban keke, ƙasa da hannu, akwai ɗan farantin ƙarfe da ke ɗauke da sunan kamfani, sau da yawa har da garinsa. Kamfanoni sukan sauya ƙirar tambarinsu daga zamani zuwa zamani, don haka ƙirar kanta shaida ce. Alal misali, a 1992, lokacin da Gazelle ta cika shekara ɗari, aka ba ta izinin ƙara kalmar Koninklijke a sunanta, wato ta sarauta. Keken da ya zo da wannan kalma daga masana'anta ba zai girmi 1992 ba.

Akwai tarko uku a nan. Na farko, ana iya cire tambari a liƙa wa wani keken, don haka a duba ƙusoshin da suka riƙe shi, a ga ko tsufansu ya yi daidai da na sauran jiki, ko akwai wasu ramuka da suka nuna an taɓa sa wani. A Indunusiya, wadda Holan ta yi wa mulkin mallaka, tsofaffin kekunan Gazelle da Fongers da Simplex suna da daraja wurin masu tarawa, kuma ana ƙera tambura na kwaikwayo. Na biyu, masu kantuna da yawa a Holan sukan sayi kekuna daga masana'anta su sa nasu suna. Na uku, suna ɗaya yana iya zama na kamfanoni biyu. Phoenix da aka sani a kasuwanninmu ta birnin Shanghai ce ta ƙasar Sin, ba ta da dangantaka da Phoenix ta Leeuwarden.

7.5.3 Lambar Gangar Jiki

Gangar jikin keke, wadda makanikai ke kira firam, ita ce keken. Duk sauran sassa ana iya musanya su. Masana'anta takan buga lamba a jikinta, ko dai ƙarƙashin mahaɗar feda, ko kusa da wuyan sirdi, ko a inda ƙafar baya ke zama, ko a gaba kusa da tambari. Kowane kamfani da tsarinsa. Wasu sun jera lambobinsu bi-da-bi tsawon shekaru, wasu sun sa harafi ko lamba da ke nuna shekara. Masu tara tsofaffin kekuna sun haɗa jadawalin lambobin manyan kamfanoni ta hanyar gwada kekunan da aka san ranar sayensu. Kada ɗalibi ya ɗauki lambobi biyu na farko ya ce su ne shekara don kawai sun yi kama da shekara. Sai ya san kamfanin, sannan ya san tsarinsa.

7.5.4 Cibiyar Ƙafar Baya

Cibiya ita ce dunƙulen ƙarfen da wayoyin ƙafa ke haɗuwa a kansa. Masana'antun Holan yawanci saye suke yi daga waje, kuma maƙeranta sukan buga lokacin ƙira. Kamfanin Sturmey-Archer na Nottingham, wanda ya fara a 1902, yakan buga haruffa da ke nuna irin cibiyar: AW giya uku ce zalla, AB kuwa giya uku ce haɗe da birki. Kusa da haruffan akwai lambobi biyu, shekara da wata. Idan aka ga 65 da 7, ana nufin Yuli 1965 ke nan. Cibiyar Torpedo mai birkin feda, wadda Fichtel da Sachs na garin Schweinfurt a Jamus suka fito da ita a 1903, ita ma tana ɗauke da alamar shekara, a wasu zamunna da lamba, a wasu da harafi.

Wannan shaida ce mai ƙarfi, amma tana da sharaɗi. Lokacin da ke jikin cibiya na cibiyar ne. Ba zai zama na keken ba sai an tabbatar ƙafar ita ce ta asali. Ana gane haka ta gwada ƙafar baya da ta gaba: shin bakinsu iri ɗaya ne, fentinsu da zanensu ɗaya ne, tsatsarsu ta yi daidai? Ko da ta asali ce, a tuna cewa cibiya takan yi watanni a ajiye kafin a haɗa ta, don haka keken yakan zama na shekarar ne ko na wadda ta biyo.

7.5.5 Alamomin Doka da na Zamani

Dokokin ƙasa sukan bar sawu a jikin kaya. Daga 1924 zuwa 1941 Holan ta karɓi harajin keke, kuma wanda ya biya ana ba shi ɗan farantin ƙarfe mai ɗauke da shekara, ana sabunta shi duk shekara. Marasa aikin yi ana ba su kyauta, amma nasu da huda a jiki, abin da ya sa kowa ke gane halin da suke ciki. Sojojin Jamus da suka mamaye ƙasar a 1940 su suka soke harajin a 1941. Daga tsakiyar shekarun 1930 doka ta wajabta a shafa farin fenti a ƙarshen murfin tayar baya domin a hango keke da dare, kuma dokar ta daɗe har cikin shekarun 1990. A 1979 aka wajabta jan madubi mai ƙyalli a baya, a 1987 kuma aka wajabta ƙyalli a gefen ƙafafu. A 1978 ƙasar ta fara amfani da lambar unguwa ta gidan waya mai lambobi huɗu da haruffa biyu, mutane kuma suka riƙa zana ta a gangar keke tare da lambar gida domin maganin ɓarayi.

Akwai wasu alamun na zamani. Ƙarfe mai sheƙi na tsofaffin kekuna ruwan nikel ake ba shi, wanda ke da ɗan launin rawaya. Wajen 1930 ne aka koma ga kurom mai fari da shuɗi-shuɗi. Tsofaffin kekuna yawanci tayarsu 28 x 1½ ce, wadda faɗin bakin ƙafarta milimita 635 ne, na baya-baya kuwa milimita 622. Duk sashen da aka rubuta wa W. Germany an ƙera shi ne tsakanin 1949 da 1990, lokacin da Jamus ke rabe biyu.

Daga nan ake fitar da ƙa'ida mai muhimmanci: abu ba zai girmi mafi ƙuruciyar sashensa na asali ba. Sashen da aka ƙara daga baya kuwa ba ya nuna ranar haihuwa, yana nuna cewa abin yana aiki a wancan lokaci ne.

7.5.6 Harshe da Ƙa'idar Rubutu

Wannan mataki ya fi kusa da ɗalibin harshe. A tsohuwar ƙa'idar rubutun Holanci ana rubuta Nederlandsche, a sabuwa kuma Nederlandse. An fara koyar da sabuwar a makarantu a 1934, ta zama doka a 1947. Saboda haka rubutu yana iya nuna zamani, ko da yake wasu kamfanoni sun riƙe tsohon rubutu a sunayensu. Haka nan takardar mai kanti da ke manne a murfin tayar baya takan ɗauki lambar tarho. Sai a 1995 ne lambobin tarho na Holan suka zama masu lamba goma gaba ɗaya, don haka gajeriyar lamba tana nuna zamanin da ya gabaci wannan. Ɗalibin Hausa ya san irin wannan a nasa harshe. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun samu karɓuwa ne cikin shekarun 1930. Takardar boko da aka buga da su ba za ta zama ta 1910 ba, kome tsufan da ta nuna.

7.5.7 Shaidar Waje

Bayan an gama da jikin keke sai a koma ga mutane da takardu. A tambayi mai shi: a ina ya same shi, yaushe, daga hannun wa, me ya musanya? A rubuta amsarsa yadda ya faɗa, a raba abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa. A nemi tsohon mai gyaran keke, domin hannunsa ya san sashen asali da na aro fiye da idon ɗalibi. Daga nan a nemi rubutattun shaidu. Gidan adana kekuna na Velorama da ke Nijmegen, wanda aka buɗe a 1981, da ƙungiyar De Oude Fiets ta masu sha'awar tsofaffin kekuna, suna tara littattafan tallan kamfanoni. Babban ɗakin karatu na ƙasar ya sa tsofaffin jaridu a intanet ƙarƙashin sunan Delpher, inda ake iya neman tallan keke da shekararsa. Wajen rubuta wa masana a aika da hotuna masu kyau da lambobi kamar yadda suke, a kuma yi tambaya takamaimiya. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san abin da yake tambaya.

7.6 Misali a Aikace

A ɗauka ɗalibi ya ga wani baƙin keke wurin mai gyara, cikin kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai. Mai shi ya ce keken ya girmi Yaƙin Duniya na Biyu, hujjarsa kuwa ita ce farantin haraji mai shekarar 1938 da ke ɗaure a jikinsa. Ɗalibin ya bi matakai, ya rubuta abubuwa kamar haka: tambari ya ce Fongers, Groningen, ƙusoshinsa tsofaffi ne kuma babu wasu ramuka, cibiyar baya Sturmey-Archer ce, AB, 65 da 7, ƙafafun biyu iri ɗaya ne, tsatsarsu ɗaya, ƙarfe mai sheƙi kurom ne, fitila an rubuta mata W. Germany, akwai jan madubi babba a baya, ɗaure da sababbin notuna, an zana lambobi huɗu da haruffa biyu a ganga, zanen ya ratsa fenti, tayoyi suna da zoben ƙyalli.

Yanzu sai auna hujja. Tambari ya ba da kamfani, amma sunan Fongers ya faro tun 1884 kuma ya rayu bayan 1970, don haka bai ba da shekara ba. Farantin haraji abu ne da ake ɗaurawa ana kwancewa, a zamaninsa ma ana yawan sace shi, kuma yau ana sayar da shi wurin masu tara kayan da. Shi ne mafi raunin shaidu, duk da cewa shi ne ya fi ɗaukar ido. Kurom ya hana keken girmar 1930, amma bai kore maganar mai shi ba. Fitila tana nuna bayan 1949, sai dai ana iya musanya fitila. Cibiya ce ta fi ƙarfi, domin ƙafafun sun nuna na asali ne. Jan madubi, da lambar unguwa, da tayoyi, duk ƙari ne na baya, kuma abin da suka nuna shi ne keken yana bisa titin Holan har bayan 1987.

Abin da ya rage shi ne a gwada lambar ganga da jadawalin Fongers, a kuma nemi littafin talla na tsakiyar shekarun 1960 a ga ko siffar da zanen sun dace. In sun dace, ɗalibi zai rubuta sakamakonsa kamar haka: alamu sun nuna an ƙera keken a Groningen a 1965 ko 1966, zamanin haɗakar Phoenix da Fongers da Germaan, an yi amfani da shi a Holan har bayan 1987, farantin 1938 ba nasa ba ne. In kuwa lambar ganga ta nuna shekarun 1930, to maganar mai shi ta tabbata, sai a ce an musanya ƙafafun biyu a lokaci guda wajen 1965. Mai bincike na gaskiya yakan bar wa wannan ƙofa a buɗe har sai ya duba.

A lura da kalmomin da aka yi amfani da su. An ce "alamu sun nuna", ba a ce "babu shakka" ba. Ana auna ƙarfin kalma da ƙarfin hujja. A lura kuma da ladabi. Mai keken bai yi ƙarya ba, ya faɗi abin da ya fahimta ne daga abin da ya gani. Ba a kunyata wanda ya ba da bayani, ko a gabansa ko a cikin kundi.

7.7 Kurakuran da Ake Yawan Yi

(a) Dogaro da shaida ɗaya, musamman wadda ta fi burgewa.
(b) Son tsufa, wato karkata ga duk abin da zai ƙara wa abu shekaru, domin tsufa yana ƙara daraja da kuɗi.
(c) Ɗaukar tsatsa a matsayin shekaru. Keken da ya kwana a ruwa damina biyar ya fi wanda ya shekara hamsin a ɗaki alamar tsufa.
(d) Ɗaukar shekarar kafa kamfani a matsayin shekarar ƙira. In an ga 1892 a jikin Gazelle ko 1904 a jikin Batavus, tarihin kamfani ake faɗa.
(e) Ɓoye shaidar da ta saɓa wa ra'ayin mai bincike. Wannan ya wuce kuskure, cin amanar ilimi ne.

7.8 Amfanin Darasin ga Malamin Hausa

Matakan da aka bi a kan keke su ne ake bi a kan kowane abu. Tasa ko kwalla da ke jeren ɗakin tsohuwa tana da tambari a gindinta. Tsohon kwabo mai huda yana ɗauke da sunan sarkin Ingila da shekara. Rubutun ajami yana da irin takarda, da irin tawada, da salon hannu, wani lokaci har da ramzi a ƙarshe da ke ba da shekara. Riga tana da irin saƙa da irin aiki. A kowanne, tambayoyin nan biyar ne, kuma shaida iri biyu ce.

A aji, malami zai iya sa kowane rukuni na ɗalibai su kawo tsohon abu ɗaya daga gida da izinin iyaye, su siffanta shi a rubuce, su yi hira da wani dattijo a kansa, sannan su raba abin da suka gani da abin da suka ji. Aiki ɗaya ne, amma yana koyar da siffantawa, da hira, da rubuta rahoto, da tara kalmomin sana'a waɗanda ke ɓacewa tare da masu su.

7.9 Kammalawa

A wannan darasi an kawo ma'anar gano asali da nau'o'in shaida biyu. An taƙaita tarihin masana'antun keke na Holan, an bi matakai bakwai na bincike, sannan aka gwada su a kan misali ɗaya. An ga cewa shaidar da ta fi fitowa fili tana iya zama mafi rauni, kuma sashen asali ne kaɗai ke iya ba da shekarar ƙira. A darasi na gaba za a duba yadda ake tsara irin wannan sakamako a cikin kundin bincike.

7.10 Tambayoyi

1. Bambanta shaidar jiki da shaidar waje, tare da misalai uku-uku.
2. Me ya sa sunan da ke kan tambari ba ya isa ya nuna inda aka ƙera keke? Kawo hujja daga tarihin Fongers ko na Gazelle.
3. An ga cibiya mai lamba 58 da 11. Me take nufi, kuma wane sharaɗi ne zai sa a ɗauke ta shaidar shekarun keken?
4. Yi bayanin ƙa'idar nan: abu ba zai girmi mafi ƙuruciyar sashensa na asali ba.
5. Ta yaya ƙa'idar rubutu ke taimakawa wajen gano zamani? Kawo misali ɗaya daga Holanci, ɗaya daga Hausa.
6. Aikin gida: nemi tsohon keke ko wani tsohon abu a garinku, ka bi matakan da aka kawo, ka rubuta rahoto da bai wuce shafi uku ba.